Hoton Zara'u Mai Tsanwar Fuska

Ranar da Cha'ibu ya fara shiga shagon hoto na Malam Manzo a Tasawa, budurwa ya tarar tana faɗa da kwamfuta. Ba da baki kaɗai ba, har da ɗan mari a gefen akwatin, irin wanda ake yi wa yaro mai taurin kunne. Sai da ya sake sallama kafin Zara'u, ɗiyar mai shagon, ta waigo.

"Amin, wa alaikumus salam. Hoto?"

"Hoto, na kartidantite."

"To zauna ka bi layi. Layin ma ba ya tahiya."

Ba ta yi ƙarya ba. Dogon bencin shagon cike yake da matan ƙauyukan Kona da Maijirgi, waɗanda suka taho a amalanke tun da sanyin safiya. Shekarar ce damina ta yi gardama, rumbuna suka ƙare tun kafin bazara, sojoji kuma suka karɓi mulki a Yamai. Ana rabon hatsin agaji, amma a wurare da yawa sai an nuna katin shaida, wato kartidantite, kati kuwa ba ya yiwuwa sai da hoto.

Magidanta da dama ba su yarda wani ƙato ya tsaya yana gyara wa matansu zaman kallabi ba. Shi ya sa kowa ya san shagon da mace ke riƙe da kyamara, aka kuma san mai shi. Malam Manzo tsohon sakatare ne, ya tsufa yana buga takardun gwamnati ba a taɓa jin sirri ya fita ta bakinsa ba. Duk maraice yakan tattara takardun da suka lalace ya ƙone su a wani tsohon kasko bayan shago, yana tsaye har sai sun zama toka.

Da layi ya zo kan Cha'ibu, Zara'u ta ɗauke shi hoto ta jona kyamarar. Fuskarsa ta cika allon, ido ɗaya a lumshe, sai na'urar ta tsaya cak. Ta danna nan, ta danna can, fuskar tana nan tana kallonta. Matan benci suka fara rufe baki da gefen mayafi.

"Ga alama ta ƙyasa," in ji Cha'ibu.

"Ta tsorata dai."

Ya yi dariya, ita kuma ta ji haushin kanta da ta lura dariyar ta yi masa kyau. Ya tambaya ko mutane na kawo kile, ɗan abin nan na ajiyar hotuna da takardu, su cusa wa na'urar. Ta ce kullum. Ya ce to birus ne, cutar kwamfuta, ya cika ta. Ta ce ta sani, ai Maharazu mai gyara yakan zo ya wanke ta, ta yi lafiya ɗan lokaci, ciwon ya dawo.

"Ni a Mayahi nike aiki, wurin masu bankin hatsi," ya ce. "Ordinatar ɗinmu, kwamfuta irin wagga, haka ta yi ta yi mana, har na canza mata sistem gaba ɗaya. Linux ake ce mashi. Birus ɗin da ke yawo cikin kile ba shi kama shi. Kuma kyauta ne."

Daga lungu aka yi gyaran murya. Malam Manzo ya ɗago kai, ya duba baƙon ta saman tabaransa mai kauri.

"Kyauta? Yaro, banza ba ta kai zomo kasuwa. Shekarar ga ko ruwan sha ba a ba ka sai an rubuta sunanka. Wa ya aiko ka?"

Zamanin ke nan da kowa ke auna maganarsa kafin ya fitar da ita, har a majalisar shayi. Baƙo mai fara'a da yawa, wanda kuma ya san cikin na'ura, ba a cika sakin jiki da shi ba. Ita ma Zara'u ba ta yarda da shi ba. Sai dai ta dubi matan da rana ta fara yi wa zafi, da goyonsu, ta san in aka tashi yau ba hoto, gidajensu za su kwana ba rabo.

Ta daɗe tana lallashin mahaifinta kafin ya sassauta. Ya ce, "Sabo turken wawa aka ce, to ni na yarda ni ne wawan. Ku bar mani haruffana inda yatsuna sunka san su." Idonsa ya yi rauni, da yatsu yake gani in yana bugu.

Ita ma ta kafa nata sharuɗɗan. Akwai manhajar da take yanka hoto da ita, ta jera kanana a takarda ɗaya, ta kuma yi wa hoton amare da'irar furanni. Akwai kyamarar. Akwai tsohuwar firinta, wadda ta girmi wasu yaran unguwa.

"In ɗaya ya ƙi, ka maida mani abina yadda ka iske shi, ka kama hanyar Mayahi."

"D'accord, hajiya."

"Ban je Makka ba."

"Za ki je."

Duk ranar kasuwa Cha'ibu yakan shigo motar farko. Ya fara kwashe hotunan mutane zuwa wani ɗan faifai, ya miƙa wa Malam Manzo, shi kuwa ya jefa a aljihun babbar riga ya dafe. Bai goge tsohon tsarin ba, ya matsar da shi gefe ya zaunar da sabon kusa da shi, ta yadda in an kunna na'urar sai ta tambaya wanne ake so. Malam ya ce shi bai taɓa jin daɗin abin da ke da fuska biyu ba.

Zara'u na tsaye a kansa kamar mai gadin rumbu. Idan ya buɗe wani baƙin allo yana rubuta kalmomin da ba Faransanci ba, ba Hausa ba, sai ta matso.

"Wa kake rubuta mawa?"

"Ita. Ina roƙonta ta karɓi manhajarki."

"Ba Yamai kake aika labarinmu ba?"

"Zara'u, shagon ga ko waya ba a jona mashi ba. Ta ina labarin zai hita, ta taga?"

Haruffan Malam suka zauna inda suke. Kyamara ta shiga ba gardama. Manhajar furanni ta ɗan yi taurin kai, sai ya sa mata wani abu da ya kira tafinta, mai sa ta ji kamar tana tsohon gidanta. Da ta buɗe da furanninta cif, Zara'u ta kusa yin murmushi, ta tuna ba ta gama yarda da shi ba, ta haɗiye.

Firinta ce ta ce ba ta san zancen ba. Ta yi ƙara, ta ja takarda, ta tofo ta da zane-zanen launi. Da ta fara fitar da hoto kuma, sai ya zama dole a gwada ta da fuskar mutum. Malam ya ce ko da wasa ba za a yi gwaji da matan mutane ba. Hoton Cha'ibu mai ido ɗaya ya tafi tun ranar da na'urar ta tsaya, kyamara kuwa tana caji. Zara'u ta lalubo nata na ranar Sallah, wanda ta ɗauka a tsakar gida, kallabi ya zame baya, hannu ya sha lalle, tana dariya da dukan haƙoranta. Ba hoton nuna wa maza ba ne, amma a ranta ta ce ai wuta za ta ci shi da maraice.

A takardar banza suka yi gwajin don kada a ɓata mai tsada. Ta farko ta fito, fuskar Zara'u tsanwa shar kamar ganyen zogale. Ya gyara, ya sake, tsanwa. Ya sake, tsanwa. Takardu suka taru a gefen tebur, shi yana gumi, ita tana riƙe dariya har cikinta ya ƙulle.

"Bana duk ƙasar ga ba tsanwa," ya ce a hankali, "ashe nan ta taru."

Sai bayan la'asar launi ya daidaita. Yana haɗa kayansa ta hango shi ta gefen ido ya ninke ɗaya daga cikin takardun ya sa a aljihu. Ta buɗe baki za ta yi magana, ta rufe. Ba ta san me ya hana ta ba, ko kuwa ta sani ba ta son faɗa wa kanta.

Tana shiga gida wayarta ta yi ƙara.

"Tsanwata, na iso Mayahi lahiya. Na yi sata a shagonku, kuma ba ni da niyyar maidowa."

Ta karanta ta ajiye, ta ɗauka ta sake karantawa, sannan ta rubuta:

"Na gan ka. Ɓarawon da ke kai ƙarar kansa bai iya sana'a ba. Kada ka bari kowa ya gani."

"Ko ni sai na yi alwala nike dubawa."

Daga nan saƙo ya zama abincin safe da na rana. Na'ura ta daina tsayawa, layin benci ya rinƙa tafiya, matan ƙauye na komawa gida kafin rana ta take. Cha'ibu ya ci gaba da zuwa ranar kasuwa, ko da yake babu sauran abin gyara. Yakan tsaya wurin Lalla, bazawarar da ke suya a bakin hanyar otogar, wato tashar mota, kusa da shagon, ya sayo ƙosai. Wake ya yi tsada, ƙosan Lalla ya ƙanƙance har sai an haɗa biyu ake jin an ci ɗaya, amma Zara'u ba ta taɓa cin mai daɗinsa ba.

Wata ranar ya ce mata, "In na turo magabatana, za a kore su?"

Ta sunkuyar da kai tana goge allon da ba shi da ƙura. "Ni ba ni korar baƙi. Baba ne ban sani ba."

Da maganar ta isa kunnen Malam Manzo, sai ya ce a dakata. Ya ce bai san asalin yaron ba, bai san wanda ke biyansa ba, kuma har yanzu bai gane dalilin da zai sa a ba mutum abu mai amfani kyauta ba. Zara'u ta yi kuka a ɗaki, ta fito ta wanke fuska, ta koma aiki.

Akwai wanda lafiyar na'urar ta fi kowa ɓata wa rai. Maharazu ya daɗe yana zuwa gyara, kuma ba gyaran kaɗai ke kawo shi ba. In ya zo sai ya shafe rabin yini yana wanke abin da ake wankewa kafin shayi ya huce. Yanzu ba ciwo, ba dalilin zuwa. Sai ga shi wata safiya da fuskar mai kawo labarin rasuwa. Ya durƙusa ya gai da Malam, ya zaro takarda daga aljihu ya shimfiɗa a tebur.

Zara'u ce, tsanwar fuska, kallabi a baya, tana dariya.

"A otogar na karɓe ta, Malam, hannun 'yan kabu-kabu. Sai wuce ta suke hannu-hannu. Na so in yi shiru, zuciyata ta ƙi. Tun hwarko na san abin ga ba banza ba. Wanda ya kwashi wannan, Allah kaɗai ya san nawa ya kwasa."

Matan benci suka leƙa suka gani, suka dubi juna. Malam Manzo ya kai takardar dab da idonsa, ya tura ta ƙarƙashin allon haruffa kamar mai rufe gawa. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi kada ya ƙara ganin ƙafar yaron Mayahi a ƙofarsa, kuma bayan Juma'a Maharazu ya zo ya share sabon tsarin, ya maido da na da.

Labari ba ya bukatar mota a Tasawa. Kafin azahar an ce ɗan Mayahi ya kwashe hotunan matan aure. Kafin la'asar an ce ɗan leƙen asiri ne, Yamai yake kai su. Washegari wani magidanci ya zo ya tsaya a kan Zara'u har ta goge hoton matarsa a gabansa. Ya ce, "In hoton ɗiyar mai shago na yawo a tasha, namu hwa?" Benci ya koma wurin barcin kyanwa.

Kunya ta dame ta, amma ba ita ta fi ci mata rai ba. Da idonta ta ga ya ɗauka, ta yi shiru saboda so, ga abin da shirun ya jawo wa sunan mahaifinta. Ta ɗauki waya.

"Ina hoton da ka ɗauka?"

"Shina wurina, Tsanwata. Lahiya?"

"Kada ka ƙara kirana da sunan ga. Hotona shina yawo a otogar. Na ce kada kowa ya gani."

"Wallahi ba wanda ya gani. Gobe in zo in nuna maki."

"Wanda ya iya sa na'ura ta ji maganarshi, buga na biyu ba ya gagarar shi. Kada ka zo."

Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya sake kira ta kashe wayar. Da ta kunna sai ta tarar da saƙo guda.

"Kin tsaya a kaina kina kallon hannuna tun ranar hwarko, ban ji haushi ba, don amanar mutane kike tsaro. Yau ne ya yi mani ciwo. Allah ya bayyana gaskiya."

Ta karanta ta ce a ranta, ai duk mayaudari ya iya daɗin baki. Amma barci da abinci duk suka ƙaurace mata. Idan ta kunna na'ura ta tambaye ta wane tsari take so, sai ta zaɓi tsohon don fushi, shi kuma ya tsaya mata cak kamar yadda ya saba.

Ranar Alhamis da rana tana zaune ita kaɗai a shago, ta tallabe haɓa, sai ta lura da kiyashi. Sun yi layi daga ƙafar tebur, sun haye, sun bi gefen wayar na'urar, suna shigewa ƙarƙashin allon haruffa. A shagon ba a cin abinci a kan wannan tebur, doka ce ta Malam. Ta ɗaga allon. Kan takardar nan suka taru, wadda tun ranar da aka kawo ta Zara'u ta kasa yi mata kallo na biyu.

Ta kakkaɓe su ta ɗaga ta wajen hasken ƙofa. Gefe guda ya yi shara-shara, haske na ratsa shi. An goge takardar an miƙar da ita, amma alamun lanƙwasa na nan, ba irin ninkin aljihu ba, irin na ƙunshi. A cikin wata lanƙwasa akwai ɗan jan gari. Ta lakata ta ɗanɗana, yaji ne. Ta kai takardar hanci ta ji man gyaɗa.

Ko mayafi ba ta gyara da kyau ba ta nufi wurin Lalla.

"Inna Lalla, sannu da aiki. Da mi kike ƙunshe ƙosai kwanakin ga?"

"Da takardun Malam mana, Allah ya saka mashi da alheri." Ta nuna wani ɗan tari da ta danne da dutse, fari a sama. "Leda ta yi tsada, ɗiyata. Ran nan da maraice na gan shi zai kai su wuta, na ce Malam, a shekara irin wagga kake ƙona abin amfani? Ya duba ta sama, ya ce zane-zanen banza ne, ya ba ni duka. Sai da tsohhin jaridu sunka ƙare na hwara taɓa su."

"Ba ki duba cikinsu ba?"

"In duba mi? Ni da takardar boko sai ƙunshi."

Zara'u ta ɗage dutsen ta juya ta sama. Ga ta nan tana yi wa kanta dariya. Lalla ta dafe ƙirji tana salati. Zara'u ta kwashe sauran, ta bar guda ɗaya, ta ce a ƙunsa mata ƙosai a ciki.

Ta tsaya a bakin hanya da ƙunshin a hannu, zafinsa na ratsa tafinta. Daɗi ya kama ta, kunya ta biyo baya ta danne shi. Sannan ga babbar matsala: ta yaya ɗiya za ta dubi uban da amana ce kaɗai dukiyarsa, ta ce masa kai ne?

Ba ta ce ba. Da Malam ya dawo daga sallar la'asar ya zauna a lungunsa, ta durƙusa ta ajiye ƙunshin a gabansa.

"Baba, ga ƙosai."

Ya buɗe, ya ci ɗaya, ya ci na biyu. Ta ɗauko tabaransa daga kan tebur ta miƙa masa da hannu biyu. Ya dube ta da mamaki, ya sa, ya dubi abin da ke kan cinyarsa. Ƙosai uku ne zaune a kan tsanwar fuskar ɗiyarsa.

Ya janye ƙosan gefe ya ƙura wa hoton ido. Can ya cire tabaran ya share ido da bakin riga.

"Na Lalla ne?"

"Na Lalla ne, Baba."

"Tun ina saurayi nike ƙona takarda. Rana ɗaya na ji tausai, ban duba ba." Ya ajiye ƙunshin gefe. "Na ɗora ma ɗan mutane kayana."

Ranar Juma'a bayan an sallame, Malam Manzo ya miƙe a masallacin unguwa ya roƙi a ɗan dakata. Ya faɗi yadda abin ya faru tun daga kasko har otogar, bai rage wa kansa komai ba. Ya ce hoton ɗiyarsa kaɗai ya fita, kuma da hannunsa ya fita. Wanda ke shakka ya je ya tambayi Lalla. Wasu suka yi dariya, wasu suka girgiza kai, amma dattijon da ya tona kansa a gaban jama'a ba a cika ƙaryata shi ba.

Maharazu bai yi sallah a unguwar ba, don haka ya iso shago da faifansa yana fara'a. Malam ya amsa gaisuwarsa, ya tura masa takardar da ya kawo.

"Maharazu, ƙosan ya yi daɗi?"

Fara'ar ta bushe. Ya ce shi dai a otogar ya gani. Malam ya ce ai ba a musa ba, sai dai bai taɓa jin 'yan kabu-kabu na yi wa takarda guga ba. Maharazu ya tuna yana da wani aiki a bayan kasuwa, kuma aikin bai ƙare ba har yau.

Saura mai wuyar. Zara'u ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge, daga ƙarshe ta aika:

"Cha'ibu, gaskiya ta bayyana, ba kai ba ne. Na zarge ka ban saurare ka ba. Ba ni da bakin ba ka haƙuri, amma ina ba ka."

Yini ya wuce ba amsa. Ta duba wayar har ta fara zargin ita ma birus ya kama ta. Washegari ma shiru.

Abin da ba ta sani ba, Malam Manzo ya sa babbar rigarsa tun da safe ya hau motar Mayahi. A al'ada dangin saurayi ne ke takowa gidan budurwa, amma ya ce shi ba neman aure ya je ba, biyan haƙƙi ya je. Ya tambaya aka nuna masa gidan, ya tarar da uban Cha'ibu, manomi mai 'yan awaki da fari ya rage masa. A gaban uban ya nemi gafarar ɗan. Ya kuma yi amfani da zuwan ya bincika asali, don hali zanen dutse ne, ya dawo bai samo abin kushewa ba.

Bai iso gida ba saƙon ya riga shi.

"Na yi hushi, ba zan ɓoye maki ba. Amma tsoho ya zauna a tabarmarmu ya ce in yahe, kunya ta kusa kashe ni. In na zo ranar kasuwa, da wane suna zan kira ki?"

Ta share hawaye da bayan hannu ta rubuta:

"Da wanda ka saba."

Ranar kasuwa ya shigo motar farko. Matan ƙauye sun fara dawowa, benci ya kusa cika. Ya gai da Malam, ya juyo wurinta, ya ciro walat ya zaro wata takarda da ninki ya cinye gefenta. Ya buɗe a hankali don kada ta yage, ya kare ta da tafinsa yadda ita kaɗai za ta gani.

"Ga nawa. Ba mai, ba yaji."

Ta so ta yi dariya, kuka ya riga ta. Malam ya yi gyaran murya daga lungu, ya ce in an gama kallon hoto, akwai masu jiran a ɗauke su. Ya ƙara da cewa tsohon tsarin nan da ke tsayawa, a sallame shi haka nan, ya gaji da na'ura tana yi masa tambaya kullum safe. Sai dai har yanzu, in ji shi, bai yarda kyauta ba ne, don ga shi an zo karɓar ɗiyarsa.

Damina ta sauka da albarka a shekarar, gero ya yi kai, hanyar Mayahi ta yi tsanwa hagu da dama. Bayan girbi magabatan Cha'ibu suka zo da goro, aka sa rana. Zara'u da kanta ta tsara katin gayyata a manhajarta, da da'irar furanni, Malam ya buga sunayen da yatsunsa ba tare da ya dubi allo ba, tsohuwar firinta ta fitar da su da launinsu daidai. Waɗanda suka lalace kuwa, shi da angon suka kai su kasko, suna juya kowace takarda gaba da baya kafin su jefa.

Aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Manzo da hantsi. Lalla ce ta yi ƙosan biki, manya-manya wannan karon, ta kuma rantse ba za a ƙunsa ko ɗaya ba, a kwano aka raba. Da za a tafi da amarya, Malam ya dafa kan ɗiyarsa, ya kamo hannun Cha'ibu.

"Na ba ka amanar da ta hi duk wadda ke cikin shagon ga. Na tabbata ka iya riƙo, don na gwada ka da abin da bai kamata ba. Allah ya ba ku zaman lahiya da zuri'a ɗayyiba, ya tsare ku da zato."

Jama'a suka amsa da amin. A cikin mota, ƙarƙashin lulluɓi, wayar Zara'u ta yi ƙara. Ango yana motar baya, amma bai iya jira ba.

"Tsanwata, wannan karon ba sata na yi ba. Ba ni anka yi."